Kwana Talatin a Gaban Tsagar Bango

Ranar Talata, takwas ga watan Afrilu na shekarar 2003, da ƙarfe shida da minti ashirin na safe, Hedimasta ya tarar da gilashi na uku ya tsage. Na farko ya yi kwana tara kafin ya fashe, na biyu ya yi goma sha shida, wannan kuwa ya kai ashirin da uku. Saura bakwai kacal ya cika talatin ɗin da Magini ya yanka. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar, ya sake duƙawa, ko Allah zai sa gashi ne ya maƙale. Ba gashi ba ne. Siririn layi ne fari, ya ratsa gilashin daga sama har ƙasa, daidai kan tsagar bangon.

"Malam," in ji wata murya daga cikin bangon. Tari mai tsawo ya biyo baya, sannan muryar ta dawo. "Malam, an tashi lafiya? Yaya ɗan namu ya kwana?"

Hedimasta ya ci gaba da kallon gilashin.

Bangon nan na mutum biyu ne. A shekarar 1971 aka ba su filaye biyu a jere, shi yana malamin lissafi, wancan yana magini mai tashe, suka shirya bango ɗaya ya raba ɗakunan kwanansu maimakon kowa ya ta da nasa. Magini ne ya gina shi da hannunsa, ya kuma tsaya shekara talatin da ɗaya ba a ji kansa ba. A ƙarshen daminar bara ne bututun famfon gidan Hedimasta ya fashe a ƙarƙashin ƙasa ba wanda ya sani, ya yi watanni yana jiƙa tushen ginin. Tsaga ta fito daga kusurwar ƙasa, ta hau a karkace har ta kusa rufi, ta buɗe yadda yatsa biyu za su shiga tsakiyarta, har mutum ya riƙa jin numfashin wanda ke ɗaya ɗakin. An gyara bututun a watan Fabrairu. Hedimasta ya so a cike tsagar a ranar, a shafe, kowa ya huta. Magini ya ce a'a.

"Ƙasar da ta sha ruwa tana motsi har sai ta bushe ta zauna," ya ce a lokacin. "In ka cike tsaga ƙasa tana cikin motsi, ka rufe mata baki ne kawai. Za ta fito ta inda ba ka gani, kuma ran da za ta fito ba za ta yi maka sallama ba."

Ya tokare bangon da katako biyu ta kowane ɓangare. Sannan ya zo da tsinken gilashi mai tsawon tafin hannu, ya gitta shi a kan tsagar ta ɗakin Hedimasta, inda haske ya fi, ya kafe bakinsa biyu da siminti. Ya ce in ƙasa ta motsa ko da kaurin gashi ne, gilashi zai faɗa. Ran da ya yi kwana talatin bai tsage ba, ran nan za a taɓa bango.

Tun daga lokacin Hedimasta da matarsa, wadda duk layin ke kira Inna, suka kwashe gadonsu zuwa falo. Magini kuwa ya ƙi gusar da nasa, wanda ke shimfiɗe a jikin bangon. Kwana huɗu bayan ya kafa gilashi na uku, ciwon huhun da ya daɗe yana ja da shi ya kayar da shi. Asibiti suka riƙe shi mako guda, suka sallamo shi da ƙullin magani da irin kallon da ba ya buƙatar fassara. Hedimasta kuma mutum ne mai rubuta ranar ruwan farko kowace shekara a bayan littafinsa, ya san cewa a cikin shekara talatin da biyu, mafi saurin zuwansa ashirin da bakwai ga Afrilu ne.

"Malam? Ko barci ya mayar da kai?"

"Lafiya lau, Injiniya," Hedimasta ya ce, yana kallon layin nan fari. "Yana nan garau. Ashirin da uku."



"Madalla," in ji muryar. "Saura bakwai ke nan."

Hedimasta bai karya kumallo ba. Ya shiga falo ya sauko da takardar yabon da aka ba shi ranar da ya ajiye aiki, ya kwance firam ɗin, ya zare gilashin, ya naɗe shi a tawul, ya ɗora a ƙasa ya doka masa dugadugin takalmi. A cikin ɓaraguzan ya zaɓi wanda ya fi tsawo. Akwai ragowar siminti a gwangwanin fenti da Magini ya bari a bayan ƙofa. Yana cikin kwaɓa shi a murfin tukunya Inna ta shigo da tsintsiya, ta tsaya a kansa.

"Murfin tukunyata ne wannan?"

"Yi a hankali, yana ji."

Ta dubi firam ɗin a kife, ta dubi ɓaraguzai, ta leƙa ɗakin kwana, ta dawo. Ta rage murya, amma ba ta rage kaifinta ba.

"Malam, shekara talatin da biyar kana zane 'ya'yan mutane a kan satar amsa."

"Wannan ba satar amsa ba ce. Amsar na san ta. In ruwa ya sami bangon nan a buɗe, kan wa zai faɗi? Kaina? Ni ina falo. Shi ne ke kwance a ƙarƙashinsa kamar wanda aka ba gadin wurin. In aka koma ɗaya yau, sai takwas ga Mayu. Ke za ki riƙe hadari har takwas ga Mayu?"

"To ka faɗa masa haka mana."

"In faɗa masa? Kin taɓa ganin an gaya wa mutumin nan magana ya ɗaga ko gira? Zai ce min, 'To, Malam, sai a sa wani.' Sai a sa wani! Kamar kwanakin a aljihunsa suke."

Inna ta miƙa hannu ta ɗauke ɓaraguzan da tawul ɗin gaba ɗaya. "Ni dai ba ni a ciki. Ka wanke min murfi in ka gama."

Ya ɓamɓare tsohon gilashin da wuƙar tebur, a hankali, yana dakatawa duk lokacin da tari ya tsaya a ɗaya ɗakin. Ya manna sabon, ya shafe simintin da bayan cokali har ya yi sumul. Da ya ja baya ya duba, sai ya ga nasa ma ya fi kyau.

Kwana bakwai ya yi yana kai rahoton ƙarya ta cikin tsaga, kuma ba ranar da abin ya zo masa da sauƙi. Kullum da la'asar yakan zagaya ya duba maƙwabcin nasa. Taku goma sha bakwai ne daga ƙofarsa zuwa ƙofar Magini, kuma kusan kullum a bakin ƙofar yake cin karo da Auta, 'yar Magini ta ƙarshe, wadda ta baro gidan mijinta ta zo jinya. Hedimasta ne ya koyar da ita lissafi, har yanzu in ta gan shi sai ta gyara tsayuwa.

"Baba Hedimasta, don Allah ka yi masa magana ya bar gadon nan. Na yi magiya, na yi kuka, ya ce wai katakon da ya tokara ya fi ni ƙarfi."

"Ni? Wa ya taɓa juya ubanki?"

"Ka san me ya yi a asibiti? Likita ya zaunar da mu yana ta zagaye-zagaye, ni hawaye ya cika min ido, shi kuwa yana kallon ƙasa. Na ɗauka abin ne ya dake shi. Da likita ya gama, sai ya ce, 'Likita, wa ya shimfiɗa muku tayil ɗin nan? Ya karkace tun daga ƙofa.'"

Hedimasta bai yi dariya ba. Irin wannan halin ne ya shekara talatin yana ci masa rai. Shi mutum ne da ya saba a kaɗa ƙararrawa yara ɗari shida su miƙe. In abu ya lalace, yana so a ga laifin wani kafin azahar, a gyara kafin la'asar. Maƙwabcinsa kuwa, ko gobara aka ce masa ta tashi, sai ya tsaya ya ɗaura igiyar takalmi. Hedimasta ya shiga ɗakin ya same shi a jingine da matasai uku, ya rame har agogonsa yana yawo a hannu, kansa kuma bai fi taƙi ɗaya da tsagar ba.

"Ranka ya daɗe, shugaban makaranta," in ji Magini. "Ka zo duba ɗalibin da ya ƙi zuwa aji?"

"Na zo duba mai taurin kai."

"To ka same shi. Zauna, amma kar ka jingina da katakona."

Ranar Talata, goma sha biyar ga Afrilu, da ƙarfe bakwai, ƙaramar motar kaya ta tsaya a ƙofar gida da buhun siminti goma da yashi. Babban ɗan Hedimasta ne ya kawo, ya ɗauki hutun kwana uku daga wurin aiki saboda wayar da uban ya yi masa. Tare da shi akwai Dogo, wanda ya koyi gini a hannun Magini, yanzu shi ma furfura ta fito masa. Hedimasta ya shiga ɗakin kwana ya kara bakinsa a tsagar.

"Talatin, Injiniya. Ga Dogo ya zo da kayan aiki. Umarninka muke jira."

"Alhamdu lillahi. A kawo ni in gani."

Hedimasta ya yi saurin cewa, "Ka gani? Haba, kai da ko banɗaki sai an riƙe ka? Ai na faɗa maka."

"Ka faɗa min, na kuma ji. Amma shekara hamsin ina gini, ban taɓa karɓar aiki da kunne ba. Dogo! Kana nan? Zo da kujera."

Ba yadda aka iya. Dogo da babban ɗan suka ɗora shi a kujerar roba, suka ɗauko shi ta kan titi, Auta tana biye da bargo tana faɗa. Mai shagon da ke tsallake ya fito ya gaishe shi, shi kuma ya ɗaga hannu kamar wanda ake zagayawa da shi don nishaɗi. Da suka ratsa falo, idonsa ya sauka a kan takardar yabon da ke rataye, ya ɗan daɗe a kanta. Suka ajiye shi gaban tsagar. Ya yi kusan minti biyu yana neman numfashi. Sannan ya miƙa hannu ya sa farce a bakin gilashin ya ɗan taɓa. Gilashin ya motsa. Simintin gefen dama ya rabu da bango gaba ɗaya, sumul, kamar ɓawon ƙwai.

Magini ya riƙe shi da yatsa kada ya faɗi.

"Dogo, ku je ku sauke yashin nan, ku rufe siminti da leda. Auta, samo min ruwan ɗumi wurin Inna. Ku ja mana ƙofa."

Da suka fita, ya ajiye gilashin a cinyarsa ya juya shi.

"Simintin ya yi yawa, ruwa ya yi yawa, yashi babu, kuma ba ka jiƙa bangon ba. Wannan ko ginin ya rabe biyu ba zai tsage ba, don bai kama komai ba. Amma shafin ya yi kyau, ba laifi. Gilashina fa, kwana nawa ya yi?"

"Ashirin da uku."

"To me ya hana ka faɗa min? Ai albishir ne."

Nan ne abin da Hedimasta ya daɗe yana dannewa ya ƙwace.

"Albishir! Kai komai albishir ne a wurinka! Gini zai faɗo maka a ka, albishir. Huhunka ya ƙare, kana duba tayil! Ka san yau nawa ga wata? Ka san ruwa ya taɓa sauka ashirin da bakwai? Kana ta yanka kwana talatin, kwana talatin, kamar kai ke raba su. Ba ka da kwana talatin! Likita ya faɗa, Auta ta sani, na sani, kai ma ka sani, amma ka bar mu muna ta haukan damuwa kai kaɗai kana kwance kamar dutse. Mutum ne kai kuwa?"

Ya tsaya yana haki. A tsakar gida an daina jin ƙarar shebur.

Magini ya jira har tarin da ya taso masa ya lafa.

"Na sani mana," ya ce. "Ni ba ni da su. Bangon yana da su, kai ma in Allah ya yarda kana da su. Kana tsammani ba na jin tsoro? Kullum in na farka sai in ji kamar an ɗora min buhu biyu a ƙirji, ɗaya na ciwon, ɗaya na tsoro. Ina ji, Malam. Amma tsorona ba zai busar da ƙasa ba. In Dogo ya haƙa ƙarƙashin tushen nan yau tana cikin motsi, ba ni kaɗai zai danne ba, har da shi, da 'ya'yansa shida a gida."

Hedimasta ya zauna a kan akwatin littattafai.

"Faɗa min kwanakin," in ji Magini. "Kai ne mai rubutu."

"Tara. Goma sha shida. Ashirin da uku." Ya tsaya. Leɓensa ya ci gaba da motsi shi kaɗai. "Bakwai-bakwai suke ƙaruwa. Na gaba talatin ne."

"Kar ka yi saurin murna, ƙasa ba ta yi makarantarka ba. Amma kowanne ya fi wanda ya gabace shi daɗewa, wato tana zama. Ni da ban wuce aji uku ba na gani, malamin lissafi bai gani ba, don yana kallon sama."

Ya sa hannu a aljihun rigarsa ya zaro wani abu a naɗe cikin takardar magani. Tsinken gilashi ne, yankakke tsaf, mai tsawon tafin hannu.

Hedimasta ya dube shi, ya dubi mai riƙe da shi. "Ka sani."

"Kunnena a jikin bangon yake kwana. Na ji lokacin da ya ce ƙas, na kuma ji takalminka."

"Ka sani, ka bar kwana bakwai suka tafi a banza?"

"Kullum ina cewa gobe zai faɗa da bakinsa. Ban so in ƙaryata ka ta cikin rami, Inna tana ji, Auta tana ji." Ya sunkuyar da kai. "Wannan kuskurena ne. Na jira abin da bai kamata a jira ba. Kwana bakwai ɗin nan mu biyu muka zubar da su."

A cikin shekara talatin da biyu, wannan ne karo na farko da Hedimasta ya ji ya ce ya yi kuskure, kuma maimakon ya ji daɗi sai haushi ya ƙara kama shi, don ya rasa wanda zai ɗora wa laifin shi kaɗai.

"In na sa wannan," ya ce, "za ka matsar da gadon."

"Ciniki kake da ni?"

"Ciniki nake."

"To, a kai shi ɗaya gefen. Amma kar a fitar da ni daga ɗakin. In na yi nisa, wa zai riƙa kama ka?"

Hannun Magini ba ya iya riƙe cokalin gini, saboda haka Hedimasta ne ya kafa gilashin, ana faɗa masa yana yi: siminti ɗaya, yashi uku, a kankare bango, a jiƙa shi, a jira ya sha, a danna da babban yatsa, kada a shafa. Sau biyu aka sa shi ya zubar ya sake kwaɓawa. Bayan haka aka kira Dogo, Magini ya zayyana yadda za a yi gyaran in lokaci ya yi, Hedimasta yana rubutawa a littafinsa: a haƙa ƙarƙashin tushe kamu ɗaya-ɗaya, a zuba kankare, a bari ya kama kafin a matsa gaba, a ɗinke tsagar da rodi, cikewa ita ce ta ƙarshe. Kafin nan, a rufe gindin bangon da tamfol ta waje, a ja magudana ta kai ruwa titi. Babban ɗan ya tsaya a bakin ƙofa yana kaɗa makullin mota.

"Baba, wato hutun da na ɗauka ya tafi a kan leda da magudana?"

"Ka ji abin da aka ce," in ji Hedimasta, bai ɗago ba.

Aka koma ɗaya. Kullum da ƙarfe shida da minti ashirin yakan duƙa ya duba, ya kara baki a tsagar ya ɗaga murya, tunda gadon ya yi nisa. Amsar tana zuwa a hankali, kuma kullum tana ƙara gajarta. A rana ta shida Magini ya ce, "Ka tabbata, ko in zo?" A ta takwas ya ce, "Madalla." A ta goma ba a ji kalma ba, sai ƙwanƙwasa cokali sau biyu a jikin ƙarfen gado.

Ranar Asabar, ashirin da shida ga Afrilu, Hedimasta ya ce, "Goma sha ɗaya, Injiniya. Yana nan garau, kuma wannan karon gaskiya ce."

Ya jira. Ya ji motsin takalmi ya matso kusa da bangon, sannan muryar Auta, dab da kunnensa.

"Baba Hedimasta, zagayo."

Kafin azahar an kai shi makwancinsa.

Ruwan farko ya sauka ranar Juma'a, tara ga Mayu, da yamma, rana ta ashirin da huɗu. Tun da hadari ya haɗo Hedimasta yake zirga-zirga tsakanin tamfol da magudana, yana danne bakin leda da bulo, yana faɗa da iska. Da ruwan ya kece, ya tsaya a ƙofar ɗakin kwana da tocila a hannu ya haska gilashin, Inna tana jan rigarsa ta baya.

"Fito daga nan! Ka gama yi wa wani faɗa kai kuma ka gaje shi?"

"A ƙofa nake, ba a ciki ba."

Minti arba'in aka yi ana ruwa. Danshi ya biyo tsagar daga sama ya sauko har rabinta, katakon tokara ɗaya ya yi ƙara sau biyu, Hedimasta yana tsaye yana magana ƙasa-ƙasa da wanda ba ya nan. Ya kira shi mai taurin kai, ya kira shi wanda ya tafi ya bar mutane da aiki, ya tambaye shi ko yanzu hankalinsa ya kwanta. Ruwan ya ɗauke. Gilashin bai tsage ba.

Washegari babban ɗan ya iso tun da hantsi, ba a kira shi ba. Ya duba danshin bangon ya kira Auta, wadda ta zo kwashe kayan mahaifinta.

"Baba, wannan somin-taɓi ne. Na gaba in ya zo da ƙarfi fa? Simintin nan ya kusa wata a ajiye, zai daskare. Mai dokar nan Allah ya ji ƙansa, ya tafi. Auta, ke ba ki da magana?"

"Ni duk abin da Baba Hedimasta ya yanke," ta ce, idonta a ƙasa. "Ɗakin dai yanzu ba kowa a ciki."

Hedimasta ya dubi sama ta taga. Gabas ta fara yin duhu tun da safe. Duk abin da ɗan ya faɗa, shi ma ya faɗa wa kansa sau goma daga jiya zuwa yau, har ya fi shi iya tsara shi. Ya ji hannunsa yana ƙaiƙayin ya ɗauki waya ya kira Dogo. Ya tura hannun cikin aljihu.

"Yau ashirin da biyar. Saura biyar."

"Wai Baba, kai ma ka koma shi ne?"

"Ban koma shi ba. Shi da ya ce a jira, barci yake yi. Ni ba na barci, abinci ba ya shiga, kuma haushinsa nake ji kamar in haƙo shi in yi masa faɗa. Da haushin nawa zan ƙirga. Saura biyar. In ka ga dama ka ɗaga buhunan nan a kan katako, in ba ka ga dama ba ka gaida min yara."

Ɗan ya naɗe hannun riga ya nufi inda simintin yake.

An sake yin ruwa ranar goma sha biyu ga wata, yayyafi ne. Ranar Alhamis, goma sha biyar ga Mayu, da ƙarfe shida da minti ashirin, Hedimasta ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya duƙa. Ya bi gilashin da farce daga wannan baki zuwa wancan. Shatin babban yatsansa yana nan a kan simintin, biyu a dama, biyu a hagu. Auta ta bar tagar ɗaya ɗakin a buɗe don ya sha iska, hasken safiya yana ratsowa ta tsagar ya kwanta siriri a kan daɓe. Ya kara bakinsa.

"Talatin," ya ce.

Ya ɗan jira kamar yadda ya saba, sannan ya miƙe ya je ya kira Dogo.

An fara aikin ranar goma sha shida, an gama ranar ashirin da huɗu, kamu ɗaya-ɗaya kamar yadda aka rubuta, kuma tsagar ce aka cike a ƙarshe. Hedimasta ya mayar da gadonsa ɗakin, a nan ya ci gaba da kwana har rasuwarsa a shekarar 2011. Bangon ya ga damina ashirin tun daga gyaran, bai sake buɗewa ba. Takardar yabon tana nan rataye a falo, ba a sake sa mata gilashi ba.